Ba a Yar da Matafiyi

Su biyu ne a gidan, uwa da 'yarta. Uwar nas ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi, ita ke riƙe da makullin ɗakin kayan aiki, kowa kuma Sista yake ce mata. Yarinyar tana ajin ƙarshe na firamare. Tun tana rarrafe ake kiranta 'Yar Baba, har sunan ya bi ta makaranta. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne Baban kansa, wanda ya yi aikin awon jini a wannan asibiti har ciwon ajali ya same shi.

Bai bar musu gida ko gona ba, wasa ya bar musu. Shi ya koya wa ma'aikatan asibitin farautar akwati. Mutum zai ɓoye ɗan akwati a wani lungu, ya zuba ƙananan kayan wasa a ciki, ya sa lambobin wurin a manhaja, wasu su bi da GPS ɗin wayarsu har su gano. Wanda ya gano sai ya ɗauki abu ɗaya, ya bar abu ɗaya, ya mayar da akwatin yadda ya same shi. Mai akwati kuwa shi ke da nauyin kula da abinsa: ya duba ko ruwa ya shiga, ko tururuwa sun yi gida, ko wani ya yi gaba da shi. Da Baban ya rasu, akwatunansa suka koma hannun Sista, ita da 'Yar Baba suke zagaya su ranar hutu.

Ɗaya daga cikin akwatunan nan ne ya kai Sista bayan kanta a ofishin 'yan sanda.

Wata rana da safe Likita mai asibitin ya zo ofishin 'yan sanda da kansa, ya zauna gaban Insfekta yana share gumi.

"Na'urar hoton ciki ce ta hannu, ba ta fi tocila girma ba," in ji shi. "Da ita muke duba masu juna biyu. Jiya an mayar da ita ɗakin kaya, yau babu ita babu dalilinta."

"Wa ke da makulli?"

"Sista. Amma ɗakin a buɗe yake yini, ma'aikata na shiga suna fita. Sai an tashi take kullewa."

"Ana caje mutane a ƙofa?"

"Maigadi yana duba jakar kowa, har tawa. Ga kyamara kuma a saman get."

Insfekta dattijo ne mai sanyin magana, wanda ba ya rubuta abu sai ya ji shi sau biyu. Ya ɗauki Saje suka tafi asibitin, suka kalli hoton kyamara daga farko har ƙarshe. Kowa ya fita, an buɗe jakarsa, ba a ga komai ba.

Da suka dawo ofis bayan azahar, sai suka tarar magana ta canza. Wani baƙo yana zaune a benci da 'ya'yansa biyu, ga wani ɗan akwatin ƙarfe a kan kanta, ga na'urar Likita a ciki, an naɗe ta da leda. Shugaban ofis kuma har ya aika an ɗauko Sista.

"Makulli nata, akwati nata," in ji Shugaba. "Me kuma ya rage? Biri ya yi kama da mutum. In ba ka kawo mini wani ba kafin ƙarshen mako, kotu za ta."

Insfekta ya ja kujera kusa da baƙon. Malamin makaranta ne daga wani gari, ya zo ziyara, ya fito da yaransa su yi farauta. Ya yi bayanin wasan a tsanake, Saje yana tsaye yana girgiza kai.

"Wato manya da gemunsu suna wasan ɓuya da waya?" in ji Saje. "Ni da na ɗauka na ga komai a aikin nan."

"Bar shi ya ƙarasa," in ji Insfekta. "Malam, ta yaya aka san akwatin Sista ne?"

"Sunanta na wasa yana manhaja, yallaɓai. Yanzu ma da na duba na ga ashe ta sa alamar an rufe shi don gyara. In an sa wannan alama ba wanda zai je. Ni tun a gida na sauke jerin akwatunan garin nan a wayata, ban sabunta ba, shi ya sa ban gani ba."

"Me ya ba ka mamaki da ka buɗe?"

"Na'urar mana. Sai kuma babu kayan wasa ko ɗaya. Ƙaramin nan har kuka ya yi, ya zo da ƙwallonsa zai yi musaya."

Insfekta ya sa malamin ya kai su wurin. Wani siririn lungu ne a bayan asibitin, ciyawa ta rufe gefensa. A gindin katanga akwai tsohuwar kafar ruwa da aka daina amfani da ita, an toshe bakinta da bulo ɗaya wanda ba a ɗaure da siminti ba. Insfekta ya zare bulon, ya durƙusa ya leƙa. Haske ya gani a ɗaya ɓangaren.

"Saje, zagaya ta ciki, ka nemi bayan ɗakin janareta."

Jim kaɗan sai ga hannun Saje ya ɓullo ta cikin kafar, yana kaɗa yatsu.

"Ka gan ni, yallaɓai?"

"Na ga hannunka. Fito kada kunama ta gaishe ka."

Yanzu hanya ta fito fili. Ɓarawon ya sa na'urar a akwati ta cikin asibiti, ya fita ta get hannu rabbana, da niyyar ya zagayo ta lungu wata rana ya ɗauka. Ya kuma san an rufe akwatin, don haka ba ya tsoron wani ya riga shi.

Suka bi ciyawar ciki da waje suna neman kayan wasan da aka kwashe. Sun ga kwalabe, sun ga guntun sigari a bayan janareta, amma ko ɓallen wasa ɗaya ba su gani ba.

A ofis Insfekta ya sake jujjuya akwatin. A cikin murfin akwai zagayen baƙar roba mai hana ruwa shiga. Sabuwa ce ful, an yanke ta daidai, an haɗa bakinta ba tare da tazara ba. Ya kai hanci, ya ji warin gam.

Ya sa aka fito da Sista. Har lokacin tana cikin fararen kayan aikinta, idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"Me ya sa kika rufe akwatin?"

"Robar murfin ce ta tsage, yallaɓai, ruwa yana shiga. Na ce kada mutane su sha wahala su tarar da kaya a jiƙe."

"Yaushe kika canza ta?"

"Ban canza ba. Ban ma sayo ba tukuna."

Ya tura mata akwatin. Ta shafa robar da ɗan yatsa, ta ɗago kai.

"Wannan ba aikina ba ne. Ni da zan yi, da ka ga gam har a gefe."

"Wa ya san kin rufe shi?"

"Duk 'yan ƙungiya. Muna da zaure a waya, a can na faɗa."

"A cikin ma'aikatan asibiti su wa ke wasan?"

"Da muna da yawa, yanzu saura mu uku. Ni, da direban motar asibiti, da Injiniya mai gyaran na'urori." Sannan ta ce, "Yallaɓai, yarinyata fa? An tashi makaranta tun ɗazu."

"Ƙanwarki ta ɗauke ta, na tabbatar da kaina. Ki kwantar da hankalinki."

Washegari Insfekta ya fara da direban, wanda ake yi wa laƙabi da Ba-Birki. Ya same shi yana wanke mota, rigarsa ta jiƙe har ciki.

"Kana zuwa bayan ɗakin janareta?"

"Ni? Me zai kai ni? Ko hanyar ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Mai shara ta ce kullum sai ta gan ka a can."

"Matar nan ba ta gani sosai."

"To buɗe hannunka."

Ba-Birki ya buɗe. Tsakanin yatsunsa biyu ya yi ruwan ɗorawa. Insfekta ya ajiye guntun sigari a kan motar.

"Don girman Allah kada Likita ya ji," in ji direban, ya rage murya. "Ya ce duk ranar da ya kama ni da taba a asibitinsa, a bakin aikina. Matata ma na rantse mata na daina. Zuwa nake in ja biyu in dawo. Akwatin Sista kuwa ban taɓa shi ba tun da na gano shi da daɗewa."

"Kai ma kana da naka akwatin?"

Nan fuskar direban ta washe. Ya ɗauki Insfekta da Saje zuwa lambun shaƙatawa da ke kusa, ya zura hannu a kogon wata bishiya bayan wani benci, ya fito da robar man shafawa da aka naɗe da salatif. Da ya buɗe, ruwa ya zubo, da wata mota ta wasa mai ƙafa uku, da katantanwa mai rai.

"Wannan baƙuwa ce," in ji Ba-Birki, ya cire katantanwar. "Ba ni na sa ta ba."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Saje. "Wannan akwati ne ko rijiya?"

"Haka Tsaf yake cewa. Kullum sai ya yi mini wa'azi."

"Wane ne Tsaf?"

"Injiniya mana. Shi in ya ga akwatin wani ya lalace, ba ya iya wucewa. Sai ya gyara ko ba a sa shi ba."

Ɗakin Injiniya yana ƙarshen baranda. Kowace sukundireba tana rataye a ƙusarta, an jera su daga babba zuwa ƙarama. Shi kansa dogo ne siriri, rigarsa ba ko lanƙwasa. Ya miƙe ya ba Insfekta kujera, ya goge ta da tsumma kafin ya bari a zauna.

"Abin ya dame ni, yallaɓai," in ji shi. "Marigayi mijin Sista amininmu ne. 'Yarsa Kawu take ce mini. Amma ka san zuciya, ba a shaidarta."

"Kana ganin Sista ce?"

"Ban ce ba. Ban kuma ce ba ita ba ce."

"Yaushe rabonka da akwatin bayan janareta?"

"An daɗe. Tun kafin ta rufe shi."

Insfekta ya nuna wani naɗin baƙar roba a kan kanta, da gwangwanin gam kusa da shi.

"Wannan fa?"

"Ta ƙofar firjin magani ce. Ɗakin nan ba na kulle shi da rana, kowa yana shigowa aro. Jiya ma wani ya ɗauki filaya bai dawo da ita ba."

Gaskiya ne, mai shara ta tabbatar. Insfekta ya miƙe zai tafi, ya bar bironsa a buɗe a kan tebur. Injiniya ya ɗauka, ya rufe masa murfin, sannan ya miƙa masa da hannu biyu.

A mota Saje ya ce, "Shi ne, yallaɓai. Mu ɗauke shi kawai."

"Da wace shaida? Roba da gam a ɗakin da ba a kullewa? Zanen yatsa kuma, rabin garin nan sun taɓa akwatin. Lauya zai yi mana dariya, Sista kuma tana nan inda take."

Shugaba ya sake kiran Insfekta da yamma, ya tuna masa cewa mako yana ƙarewa. Likita ma ya bugo, ya ce in har aka kai ta kotu dole ya sanar da hukumar da ke ba nas-nas lasisi. Insfekta ya san ma'anar wannan. Ko daga baya kotu ta wanke ta, ba asibitin da zai sake ba ta makulli.

Yana zaune yana kallon akwatin sai ƙanwar Sista ta shigo da kular abinci, yarinya na biye da ita cikin kayan makaranta. 'Yar Baba ta gaida kowa, har ɗan sandan da ke kan kanta. Da idonta ya faɗa kan akwatin sai ta tsaya cak.

"Na Babana ne," ta ce. "Ina Kunkuru?"

"Ke, ba a yi wa manya katsalandan," in ji ƙanwar uwar.

"Ƙyale ta," in ji Insfekta. "Zo nan, 'yata. Wane kunkuru?"

"Matafiyi ne. Na roba ne, kore, da ɗan ƙarfe a wuyansa mai lamba."

"Ban san matafiyi ba. Koya mini."

Ta dube shi ta ga da gaske yake, sai ta gyara tsayuwa kamar mai ba da hadda.

"Sauran kayan akwati ana musaya da su, in ka ɗauka ya zama naka. Matafiyi ba ya zama na kowa. In ka ɗauke shi daga wannan akwati, sai ka kai shi wani akwatin, wani ma ya ɗauka ya kai gaba. Babana ne ya sake shi da sunana. Ya je garuruwa da yawa, har ya hau jirgin sama. Bayan Baba ya rasu wata mata ta dawo mana da shi. Na sa shi a nan ya huta, in Mama ta gyara murfi ya sake tafiya."

"In mutum ya ɗauke shi bai sami inda zai sa shi ba fa? Sai ya yar?"

Yarinyar ta zaro ido kamar ya yi saɓo.

"Ba a yar da matafiyi! Ɗan kallo ne kawai zai yi haka."

"Wane ne ɗan kallo?"

"Wanda ba ya wasan." Ta ɗan sunkuyar da kai. "Kamar ku."

Saje ya tuntsire da dariya. Insfekta bai yi ba. Yana tunanin ciyawar da suka bincika ba su ga komai ba. Wanda ya kwashe kayan don na'ura ta sami wuri bai watsar da su ba, tafiya ya yi da su. Tun ranar kuma 'yan sanda ke kai da komo a unguwar, da wuya ya yarda a gan shi kusa da wani akwati.

Da suka keɓe ya faɗa wa Saje abin da yake shirin yi.

"Yallaɓai, ai tuni ya jefa shi a masai," in ji Saje. "Wane mahaukaci ne zai riƙe abin da zai ɗaure shi?"

"Mutumin da ya tsaya yanka roba da shafa gam yana tsakiyar sata. Hali zanen dutse ne, Saje."

"In kuma bai zo ba?"

"To mun yi asarar yini ɗaya, ita kuma ta yi asarar aikinta. Shi ya sa nake so ya zo."

Bai yi komai ba sai da ya nemi izinin Sista, domin ba ya son sa yarinya a aikin 'yan sanda a bayan idon uwarta. Sista ta ce in dai ba ƙarya za a sa ta ba, ta yarda.

"Ba ƙarya," in ji Insfekta. Ya juya ga 'Yar Baba. "Kina son Kunkuru ya dawo?"

"Ina so."

"To faɗa wa 'yan ƙungiya, yadda kike ji a ranki. Ba zan gaya miki abin da za ki ce ba."

Ta karɓi wayar uwarta, ta danna, ta yi magana a hankali. "Assalamu alaikum, 'Yar Baba ce. Don Allah duk wanda ya ga Kunkuruna ya sa shi a kowane akwati, zan je in ɗauka. Ba sai ya faɗi sunansa ba. Shi kaɗai ne abin da Babana ya rubuta sunana a jiki da hannunsa." Da ta gama, ta saki wayar.

Da safe 'yan sanda suka bi jerin da ke manhaja, suka kwashe akwatunan garin kaf, aka sanar a zauren ƙungiya cewa bincike ne, za a mayar. Guda ɗaya aka bari. Insfekta ya kira Ba-Birki ya ce ya faɗi abin da ya faru da nasa, a kan alkawarin maganar taba ta mutu. Direban bai ɓata lokaci ba, ya aika saƙon murya yana ƙorafi: "Jama'a ku ji wulaƙanci! An kwashe na kowa, nawa Saje ya buɗe ya ce wannan shara ce, ya mayar kogon bishiya. Wallahi sai na kai ƙara!"

Saje ya sa tsohuwar riga da hular kaba, ya ari almakashin mai lambu, ya kama aske shuke-shuke kusa da bencin. Insfekta ya zauna a rumfar mai sayar da lemo da jarida a hannu. Hantsi ya yi, rana ta take. Yara suka zo suka yi lilo suka tafi. Wata tsohuwa ta zauna a bencin ta yi gyangyaɗi. Shugaba ya bugo waya, Insfekta ya ce a ƙara masa haƙuri. Saje kuwa ya aske shuka ɗaya har ta kusa zama sanda, mai lambu yana hararar sa daga nesa.

Lokacin da ma'aikata ke fita cin abincin rana, sai ga dogon mutum da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya wuce bencin bai tsaya ba. Ya kai ƙarshen lambun, ya dawo, ya zauna, ya ciro waya kamar mai duba saƙo. Sai da ya dubi gabas da yamma sannan ya zura hannu a kogon.

Ya buɗe robar man shafawar, ya ga ruwa, ya yi tsaki. Ya zubar, ya ciro hankici ya goge cikinta har ƙasa. Ya ɓare tsohon salatif ɗin ya naɗa sabo. Sannan ya ciro wani abu kore daga aljihun rigarsa, ya sa shi a 'yar leda, ya ƙulle bakinta.

"Sannu da aiki, Injiniya," in ji Insfekta daga bayansa.

Mutumin bai zabura ba. Ya dubi Insfekta, ya dubi mai askin shukar da ya ajiye almakashi yana tahowa, ya sauke numfashi.

"Tsintarsa na yi," ya ce.

"A ina?"

"A hanya. Kusa da asibiti."

"Saje, duba jakar."

A aljihun gefe Saje ya sami wata leda. A ciki akwai ƙwallayen gilashi, da ɓallaye, da zoben roba, da ɗan usur, kowanne an wanke shi an shanya.

"Su ma a hanya ka tsince su?" in ji Insfekta. "Yarinyar za ta iya faɗa mini kowanne da wanda ya sa shi. In kira ta ta faɗa a gabanka?"

"A'a." Ya ɗaga hannu da sauri. "Kada a kawo ta. Ni ne."

"Faɗi yadda aka yi."

"Wani ne zai buɗe wurin ɗaukar hoton ciki a wani gari, ba shi da na'ura. Ya ce in na kawo, mu zama abokan tarayya. Na gaji, yallaɓai. Tun ina saurayi nake gyaran kayan mutane, ban taɓa mallakar ko ɗaya ba. Na shiga ɗakin kaya da sunan duba firji, na sa ta a aljihu, na zagaya bayan janareta. Na san an rufe akwatin. Na ce kwana ɗaya kawai."

"Robar fa?"

"Hadari ya haɗu ranar. In danshi ya shiga na'urar nan ta tashi aiki. Kuma dama robar ta daɗe tana damuna."

"Ba ka yi zargin tarko ne yau ba?"

"Na yi. Ba-Birki bai iya ƙarya ba, ko a waya." Ya dubi kunkurun da ke hannunsa. "Na kai shi bakin kwata har sau biyu, hannuna ya ƙi saki. Da na ji muryar yarinyar kuma, ban iya cin abinci ba."

"Da aka kama uwarta ka ci?"

Injiniya ya miƙa hannuwansa, Saje ya sa masa ankwa.

Kafin la'asar aka sallami Sista. Likita ya zo da kansa yana ta ba da haƙuri, ya ce makullinta yana jiranta. Ta ce ta ji, za ta yi tunani, ta nemi ruwa ta wanke fuska.

'Yar Baba tana zaune a bencin ofis lokacin da aka fito da Injiniya za a sa shi a mota. Insfekta ya so ya tare mata gani, amma ta riga ta miƙe.

"Kawu," ta ce.

Ya tsaya, bai ɗago kai ba.

"Kai ka dawo da Kunkuru?"

"Ni ne."

"Ka san Mama tana nan ciki tun ranar?"

"Na sani."

"To me ya sa ita ba ka zo ka fito da ita ba?"

Saje ya taɓa kafaɗar Injiniya, suka wuce, aka rufe ƙofar mota.

Insfekta ya durƙusa daidai tsayinta. Ya gaya mata cewa Kunkuru zai ɗan zauna a ofis a matsayin shaida, in an gama shari'a shi da kansa zai kawo mata har gida. Ta gyaɗa kai, ta je ta kama hannun uwarta, ta riƙe gam har suka fita titi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake tambayar kowa komai ba. Abin da ta fahimta a ranar shi ne, mutum yana iya kiyaye duk dokokin wasa, ya ji tausayin kunkurun roba, ya kuma bar uwar wani ta kwana a tsare a kan laifin da shi ya yi.